Gawa a Mashigar Tungar Yashi

Hantsi bai gama ɗagawa ba aka bugo waya ofishin 'yan sanda na Goronyo. Muryar dattijo ce, tana yankewa tana dawowa. Ya ce shi ne Maigarin Tungar Yashi, sunansa Abdulƙadiri, kuma gulbi ya kawo musu gawa.

Sufeto Abdulmutalib ne ya karɓi wayar. Mutumin Achida ne, dogo, mai ƙarancin magana.

"Wane na mamacin?"

"Lauwali na, ranka shi daɗe. Ruwa ya ci shi. Mun so mu ruhe shi, sai anka ce dole ku gani."

"Kada a taɓa shi. Ga mu nan tahe."

Ya kira Sajan Mashkura, don ya san akwai gidajen da namiji ba zai shiga ba. Motar sintiri ta kai su iyakar inda hanya ta ƙare. Tsakiyar damina ce, Gulbin Rima ya cika ya haura fadama ya shanye gonakin shinkafa. Tungar Yashi ta koma tsibiri, ba a zuwa sai da jirgi.

Kwalekwale ɗaya suka tarar a mashiga, an shafe shi da shuɗin fenti. Mai shi yana zaune a ciki ya zuba wa ruwa ido. Magidanci ne, baƙi, siriri, idanunsa sun yi zuru-zuru. Ya ce sunansa Sa'adu.

"Ka ji abin da ya hwaru garinku?" in ji Sufeto.

"Na ji ga bakin mutane, yallaɓai. Ni nan ƙetare na kwana. Ruwa ya ƙaru jiya da marece, ban koma ba."

Suka shiga. Sufeto ya zauna a tsakiya ya riƙe gefen jirgin da hannu biyu. Ya lura filafilin da Sa'adu ke tuƙi da shi sabo ne, icen fari fat, ko fenti ba a shafa masa ba.

"Sabon filafili ka samu."

"Tsohon, gulbi ya tahi da shi."

Ruwan ja ne, mai kauri, yana tafiya ba ƙara. Nan da can kan itace ya leƙo, ko jinkar wata bukkar gona da ruwa ya cinye. Babu masunci ko ɗaya. Ko tsuntsayen da suka saba bin fadama ba su gani ba.

Da suka kai wani wuri inda gulbin ya karya kwana ruwan ke juyawa, sai Sa'adu ya ɗaga filafilin ya ɗora a cinya. Leɓunansa suna motsi. Jirgin ya yi ta zamewa da kansa har suka wuce, sannan ya ci gaba da tuƙi.

"Mi ke nan wurin?" Mashkura ta tambaya.

"Nan jirgi ya kihe bara."



Tungar Yashi gidaje ne kaɗan a kan tudu, da masallaci da tsamiya guda. Ba wanda ya taro su. Yara ba su biyo su ba, abin da bai taɓa faruwa ga Sufeto a ƙauye ba. Maza suna zaune a gindin tsamiya kowa kansa a ƙasa, duk sun juya wa gulbi baya.

Gawar tana cikin zauren Maigari a kan tabarma. Sufeto ya tsuguna ya yaye zanen. Lauwali ƙaƙƙarfan mutum ne, mai faɗin ƙirji. Jikinsa bai kumbura ba, alamar bai daɗe a ruwa ba. Sufeto ya juya kan a hankali. A ƙeya akwai rauni dogo, a miƙe. Ya sa yatsu cikin gashin ya zaro wani ɗan tsinken ice. Gefe ɗaya na tsinken shuɗi ne.

Ya naɗe shi a hankici ya sa aljihu.

Maigari Abdulƙadiri yana tsaye a ƙofa da carbi.

"Baba, ina anka same shi?"

"Cikin ciyawar burgu, ƙasa da mashiga. Mata sunka gan shi da sunka je ɗibar ruwa."

"Ciwon ga na ƙeya hwa?"

"Gulbi na da itace ciki, ranka shi daɗe. Ya bugu."

"Ya iya ruwa?"

"Duk ƙasar ga ba wanda ya kai shi. Shi ka tuƙa jirginmu da can."

"To ƙaƙa ruwa ya ci shi?"

Maigari ya dubi waje, ya rage murya. Ya ce bara warhaka Lauwali ya ɗauko mata da yara za su kasuwa, jirgin ya kife a kwanar nan. An tsamo waɗanda suka rasu duka an yi musu sutura, sai yarinya ɗaya da ba a gani ba har yau. Tun daga ranar Lauwali bai sake taka jirgi ba, ko alwala ba ya yi a bakin gulbi. Da ruwan bana ya cika kuma, mata suka fara cewa suna jin muryar yarinya daga wajen kwanar da sassafe.

"Mi take cewa?"

"Ba magana ba ta. Kira na kawai." Ya ja carbi. "Mutane na cewa ita ta kira shi, shi kuwa ya amsa."

"Kai ka taɓa ji?"

"Ni ba ni tsayawa saurare."

"Mi sunan yarinyar?"

"Ba mu hwaɗin sunanta garin ga."

"Iyayenta hwa?"

"Sun tashi," in ji Maigari da sauri. "Sun koma wajen Rabah."

Sufeto ya lura carbin ya tsaya a hannunsa lokacin da ya faɗi haka.

Gidan mamacin yana ƙarshen gari, nesa da ruwa. Mashkura ta shiga ta yi gaisuwa, sannan ta fito da matar zuwa zaure. Sunanta Zuwaira. Ta zauna a bakin ƙofa ta lulluɓe fuska.

Sufeto ya yi mata ta'aziyya. "Yaushe kika gan shi na ƙarshe?"

"Da ya tahi masallaci da asuba. Bai dawo ba."

Mashkura ta dube ta. "Yaya, na ga kwanon koko cikin ɗakinai an sha rabi, ko bushewa bai yi ba. Kahin salla ya sha?"

Zuwaira ta ƙara jan lulluɓinta.

"Ya dawo," ta ce. "Yana cikin sha anka kira shi."

"Wa ya kira shi?"

"Ban gani ba."

"Muryar yarinya ta?"

Ta girgiza kai. "Namiji na. Daga bayan danga. Ƙasa-ƙasa ya yi magana, ban gane ba."

"Mi ya sa kika ɓoye?"

"An ce in yi shiru. An ce in anka tona, garin ga ba ya sake zama lahiya."

"Da anka kira shi, mi ya yi?"

Nan ta fashe da kuka marar sauti. Mashkura ta dafa ta har ta lafa. Ta ce Lauwali ya fita, ya dawo, ya buɗe akwatinsa ya ɗauki farin ƙyalle. Tun bara ya saye shi a kasuwar Goronyo ya ajiye. Ya yi alkawari duk ranar da aka ga yarinyar, ko ƙashinta ne, shi zai yi mata likkafani.

"Ya ce mani, Zuwaira, an gan ta. Ya hita da ƙyallen ƙarƙashin hammata. Tun bara ban ga huskatai ta sake kamar yau ba."

Sufeto ya gyara zama.

"Akwai abin da ke damunai ban da hatsarin?"

"Ba ya barci kirki. In ya runtsa sai shi dinga magana. Kullum abu guda."

"Mi?"

"Sake ni, Yusra. Sake ni."

Ta rufe bakinta da hannu, ta dubi wajen gulbi, kamar sunan zai iya jawo wani abu.

"Yusra sunan yarinyar ke nan," in ji Sufeto. "An ce iyayenta sun koma Rabah."

"Uwar ta koma gidansu, ta kasa zama kusa da ruwan. Uban na nan." Ta ɗago ido a karon farko. "Ai shi ya kawo ku cikin jirgi."

Sufeto ya koma mashigar garin, Maigari na biye da shi. A kan yashi akwai wani tsohon jirgi a kife. Katakonsa ya tsattsage, ciyawa ta fito ta cikin ramukan, gizo-gizo ya yi saƙa a ƙarƙashi.

"Na Lauwali na?"

"Shi na."

"Wanga bai ga ruwa ba tun bara. Ke nan jirgin wani ya shiga. Jirage nawa gare ku?"

"Sauran samari sun tahi da su kamun kihi wajen madatsa tun shigar damina. Na Sa'adu kaɗai ya rage."

"Baba, wa ya kira sallar asuba yau?"

"Ladanmu ba ya da lahiya. Sa'adu ya..."

Dattijon ya tsaya.

"Sa'adu ya ce mani ƙetare ya kwana," in ji Sufeto.

Maigari ya zauna a kan kifaffen jirgin. "Ban ga komai da idona ba. Wallahi ban gani ba. Amma su biyun gabana sunka girma. Na rasa ɗaya, ban so in rasa guda."

"Na ji. Amma ka yi mani ƙarya kan iyayen yarinyar, kuma za a rubuta."

Can gefe Sa'adu yana zaune cikin jirginsa ya ba su baya. Bai waiwayo ba ko sau ɗaya.

Sufeto ya ja Mashkura gefe. A gindin tsamiya akwai 'yan'uwan Lauwali, akwai na Sa'adu, kuma kowanne da lauje ko adda kusa da shi, kayan gona. In aka sa ankwa a nan, ba wanda ya san inda abin zai tsaya.

"Sai mun ƙetara," ya ce. "Kada ki nuna komai."

"Yallaɓai, shi za shi tuƙa mu."

"Akwai wani jirgin?"

Ta dubi mashiga, jirgin Sa'adu kaɗai ne a ruwa.

Sufeto ya gaya wa mutanen gari dole likita ya duba gawar, ya yi alkawarin za a dawo da ita a yi jana'iza. An yi gunaguni, amma Maigari ya ɗaga hannu. Aka naɗe Lauwali a tabarma aka kwantar da shi a tsakiyar jirgin. Ƙanensa ya so ya bi, Sa'adu ya ce tun hatsarin bara ba ya cika jirgi, ya jira sahu na gaba.

La'asar ta kusa, hadari ya taso daga gabas ya rufe rana. Ruwan ya koma launin toka. Mashkura tana gaba, gawa a tsakiya, Sufeto ya zauna yana fuskantar Sa'adu, gwiwoyinsu sun kusa haɗuwa. Ƙarar filafili da ɗigar ruwa kawai ake ji.

Ƙarƙashin katakon da Sa'adu ke zaune akwai buhu a cuse. Da jirgin ya karkata, bakin buhun ya buɗe kaɗan. Sufeto ya ga gefen farin ƙyalle, sabo, da ninkinsa na kanti.

Ya ɗauke ido da sauri. Amma Sa'adu ya riga ya ga inda ya duba.

Suka iso kwanar. Sa'adu ya ɗaga filafilin ya ɗora a cinya kamar ɗazu. Wannan karon bai mayar da shi ruwa ba. Jirgin ya shiga majuyin ya fara zagayawa a hankali. Tungar Yashi ta wuce ta gabansu, gaɓar ƙetare ta wuce, tungar ta sake dawowa.

"Yallaɓai," in ji Sa'adu, murya a kwance, "ka iya ruwa?"

Sufeto ya ji hannun Mashkura ya nufi ƙugunta. Ya ɗaga yatsa ya hana ta. Bindiga ba ta da amfani a nan.

"Ban iya ba."

"Ita hwa?"

"Ita ma."

Sa'adu ya gyaɗa kai. Ya dubi ruwan da ke juyawa.

"Ka ce ƙetare ka kwana," in ji Sufeto, "amma kai ka kira sallar asuba garinku. Tsohon filafilinka shuɗi na kamar jirginka, kuma na sami tsinkenai cikin gashin Lauwali. Ƙyallen da ya hito da shi daga gida yana ƙarƙashinka. Kai ka kira shi bayan danga."

"Ni na."

"Mi ya sa?"

Iska ta fara kaɗawa, gefen tabarmar gawar yana ɗagawa yana sauka.

"Shekara guda ina gaisuwa da shi. Ina cewa ƙaddara ta. Har gona na taya shi noma, don na ga ya lalace. Kwanan baya muna hutawa gindin tsamiya da rana, barci ya ɗauke shi. Sai na ji sunan ɗiyata bakinai. Sake ni, Yusra. Yana yi yana ɓamɓare wani abu ga wuyanai da hannu biyu."

Ya nuna yadda Lauwali ya yi, yatsa bayan yatsa.

"Da can ya ce mani bai gan ta ba ko kaɗan ranar. Ya rantse."

"Sai ka ce mai an ga gawarta."

"Na ce ruwa ya tono ƙashi can tsibirin yashi, da awarwaronta. In ba haka ba, ba ya shiga jirgi. Na so in tambaye shi nan, inda ba ya iya tashi shi bar ni. Da munka kawo nan na aje filafili na ce, Lauwali, ta riƙe ka ko ba ta riƙe ka ba? Ya ce ta riƙe shi. Ta maƙale wuyanai, suna nutsewa tare, numhwashi ya ƙare mai. Ya ce bai san sadda hannunai ya yi ba."

"Sai ka buge shi."

"Ya juya mani baya yana kuka. Ya duƙa kan ƙyallen. Ban ji komai ba, yallaɓai. Sai dai na ga filafilin ya tsage hannuna, shi kuma ba ya cikin jirgi." Ya shafa sabon icen. "Shekararta tara. Ba ta son jirgi. Ni na ce ta shiga, Lauwali ka tuƙi, ba abin da ka hwaruwa."

Wani sauti siriri ya taso daga cikin burgu, dogo, ya yanke. Ko tsuntsu ne, ko iska ce a cikin ciyawa, Sufeto bai iya cewa ba. Ya waiga ya ga Mashkura ta runtse ido. Sa'adu kuwa ya karkata kai yana saurare, fuskarsa ta yi laushi.

"Kun ji?"

Ya miƙe tsaye. Jirgin ya tangaɗa, ruwa ya tsallako ta gefe ya jiƙa tabarmar. Ya ɗora ƙafa ɗaya a bakin jirgin.

Sufeto bai ɗaga murya ba.

"Sa'adu. In ka hwaɗa, jirgin ga kihewa za shi yi. In bai kihe ba, ruwa shi tahi da mu. Wagga baiwar Allah tana da goyo gida. Ba ta yi maka komai ba." Ya miƙa hannu ya kama gefen rigarsa, ba da ƙarfi ba. "Ga ni na riƙe ka. Ban iya ruwa ba. Mi za ka yi da hannuna?"

Sa'adu ya sunkuyo ya dubi yatsun da ke riƙe da rigarsa. Ya daɗe yana kallonsu.

A hankali ya sauke ƙafar. Ya zauna. Ya ɗauki filafilin ya soka a ruwa, ya ja da ƙarfi sau da yawa har jirgin ya fita daga majuyin. Hawaye na zuba a fuskarsa bai share ba. Sufeto bai saki rigar ba sai da ƙasan jirgin ya gogi yashi.

Yayyafi ya fara sauka. Motar sintiri tana jira, kuratan 'yan sandan da ke ciki suka zo suka ɗauki gawar. Mashkura ta zaro buhun ta buɗe, ta duba ƙyallen, ta riƙe shi a matsayin shaida. Sa'adu ya fito ya ja jirgin sama, ya ɗaure shi a turke, ya gwada igiyar ya tabbata ta kamu. Sannan ya juyo ya miƙa hannayensa biyu.

Sufeto ya sa masa ankwa da kansa.

A bakin mashiga akwai mata 'yan Tungar Yashi da suka dawo daga niƙa, sun fake da kwanoninsu a ƙarƙashin wata bishiya suna jiran a ƙetarar da su kafin ruwa ya sauko. Ba su ga ankwar ba, don rigarsa ta rufe ta. Wata tsohuwa a cikinsu ta ɗaga murya.

"Sa'adu, ka daɗe. Yaushe za mu tashi?"

Sa'adu ya tsaya. Ya waiwaya ya dubi jirgin.

"Inna, ku jira kaɗan," in ji Sufeto. "Za a nemo muku wani."

Ya dafa kafaɗar Sa'adu, ya kai shi mota.